Ɗaki Biyu, Tsoho Ɗaya

Litinin, 2 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Fasfo ya dawo daga Legas da biza a ciki. Na buɗe na ga hotona, sai na tausaya wa Amurka. Mai irin wannan fuskar ko ni ba zan bar shi shi kaɗai a shagona ba.

To, ga shi dai. Absalom kafinta, wanda ya tsaya a aji biyar na firamare, shekara sittin da bakwai, gwiwa ɗaya tana aiki ɗaya tana yajin aiki, an ce ya zo ya zauna. 'Yata Lilian ce ta cike takardun tun shekara biyu da suka wuce. Tana aikin jinya a Minisota. Ɗana na fari Harrison yana wani gari wai shi Hustin, yana aikin kwamfuta. Ƙasarsu ɗaya, agogonsu ma ɗaya, amma shekara tara ke nan ba su ce wa juna ina kwana ba.

Manasseh, dattijon cocinmu mai sayar da tikitin jirgi, ya duba ya ce dole in taka ƙasar kafin ashirin ga Nuwamba, in ba haka ba biza ta mutu. Yana son sunan gari kafin ƙarshen wata. Na ce ya rubuta Amurka kawai, in na sauka a tasha zan tambayi 'yan kamasho. Ya yi dariya, ya ce gari ɗaya dai, Baba Absalom.

Matsalar ita ce na riga na ce wa Lilian zan zauna wurinta. Na kuma ce wa Harrison zan zauna wurinsa. Lokacin ina ganin ba wanda zai ba ni bizar. Yanzu kowa ya gyara ɗaki.

Laraba, 4 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Lilian ta kira da bidiyo bayan ta sauko daga aikin kwana, idonta duk ya faɗa. Ta zagaya da ni ɗakin: gado, kujera, taga mai kallon wata bishiya da ganyenta ya yi ja kamar an watsa masa manja. Na ce ta ƙwanƙwasa bango in ji. Ta ƙwanƙwasa. Kwali ne. Na ce ashe ƙasar da ake ta yi mana kuri da ita da silin aka gina ta, in na yi atishawa maƙwabta ne za su ce mini sannu. Ta yi dariya irin ta uwarta, mai farawa ta hanci.

Ta ce akwai mutanen Numan da Guyuk a garin, sau ɗaya a wata suna sujada da Hausa. Sanyi kam akwai, wata biyar ƙasa fari fat, amma ba a mutuwa. Na ce waɗanda suka mutu ai ba su kira sun faɗa ba.

Mijinta Nicodemus ya zo gaishe ni, ya durƙusa har ya ɓace daga hoton, na yi ta amsa gaisuwar bango. Mutumin kirki ne. Amma gidansa ne. A wajenmu uba ba ya ɗaukar akwati ya tare a gidan suruki. Yaya zan yi kakin safe? In fito daga bayi in yi karo da shi a ƙofa? Ban faɗa mata ba. Na ce ɗaki ya yi kyau.

Na dafa taliya. Ta yi yawa. Kullum sai ta yi yawa.

Juma'a, 6 ga Oktoba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Yau Harrison ne. Nasa ɗakin a ƙasa yake, saboda gwiwata. Ya nuna mini garejin gidan, ya jera zarto da guduma da wani injin gogar katako da ko a mafarki ban taɓa riƙewa ba, duk sababbi a leda. Ya ce Hustin zafi ne kamar Jimeta a watan Afrilu, akwai shagon da ake sayar da daddawa da kuka, 'yan Nijeriya kuma har sun yi yawa. Na ce to me zai kai ni, in dai zafi ne da 'yan Nijeriya ai ina da su a ƙofar gida.

Matarsa Debbie ta leƙo da makullin mota a hannu, za ta kai shi ofis. Ita ce take kai shi kullum. Na ce ɗan kafinta ya zama gwamna, har da direba. Debbie ta yi dariya. Shi ya kalli ƙasa.

Kafin ya kashe ya ce duk inda na zaɓa daidai ne, kada in damu kaina. Da ma zagina ya yi. Yaron nan tun yana ƙarami haka yake, in ka take masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri.

Idan tsari za a bi, magana ta ƙare: ɗa namiji, ɗan fari, ɗaki a ƙasa, ga kuka. Ban kira Manasseh ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba, bayan sujada

An yi mini addu'a a gaban jama'a. Fasto ya roƙi Ubangiji ya kai ni lafiya inda zan je. Shi ma bai faɗi sunan garin ba.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na wuni a bencin Sheriff. Shagonsa na ƙusa da fenti yana manne da nawa a layin 'yan katako. Mutumin Bama ne, ya riga ni zuwa Jimeta da wata biyu a shekarar da muka yi gudun hijira, da matarsa da buta ɗaya. Tun da biza ta fito ya daina ce mini Kafinta, sai Ba'amurke.

Na zana layi a bayan wani guntun filawud, Minisota a hagu, Hustin a dama, muna cikawa. Sheriff ya ce in sa sanyi a hagu. Na sa. Ya ce in sa jikoki mata biyu a hagu. Na sa. A dama na sa zarto. Ya karɓi katakon ya juya shi, ya ce duk abin da na rubuta ƙarya ne, ba zafi ko sanyi ne ya hana ni barci ba. Na ce sauro ne.

Sai ya kawo wata magana. Ya ce lokacin da zai tafi Makka, kafin ya hau jirgi gida-gida ya bi yana neman yafiya, har wurin mai wankin hularsa. Tsoho ba ya tsallaka teku bai yi wannan ba, don bai san ko zai dawo ba. Na ce ni Kirista ne, mu kullum Lahadi muke yin namu a dunƙule. Ya ce wancan na Allah ne, na mutane fa? Kafinta kuma, in ji shi, in zai nemi gafarar duk wanda ya ce wa gobe, sai biza ta mutu bai gama unguwar Jambutu ba.

Na ce zan fara da shi. Na cire hula na ce Alhaji ka yafe mini. Ya ce bai yafe ba sai na mayar masa da awartakinsa na bara.

Alhamis, 12 ga Oktoba, da yamma

Na fara zagayen, abin ma daɗi gare shi. Ka shiga gida, a ba ka ruwa, ka sunkuyar da kai ka ce tafiya ta kama ni, in na saɓa muku ku yafe. Su kuma su ce haba, ba ka yi mana komai ba, mu ma ka yafe mana. Kowa ya san layinsa kamar wasan Kirsimeti na yara.

Gida bakwai yau. Matar da na yi wa ƙofar kicin da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa ta ce ba komai, har ta saba, baƙi ne kawai suke wahala. Shugabar zumuntar mata ta yafe mini bencin da ya kayar da ita ranar bikin girbi, amma ta ba da labarin daga farko, da yadda zanenta ya yi.

Kowa sai ya tambaya, wurin wa za ka sauka? Ina cewa wurin yara.

Na dawo gida ba wuta. Na zauna a ƙofa har aka daina wucewa da kaya daga kasuwa. A ɗakin nan ba wanda zan ce wa ya yafe mini sai ƙadangaren bayan kalanda.

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Asiri ya tonu. Debbie ta sa hoton garejin a waya ta rubuta wai suna jiran Baba, wata 'yar cocinmu ta tura wa Lilian.

Yau Lilian ba da bidiyo ta kira ba, murya kawai. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ai tsoho kamar gwamnati yake, kowa ya zo sai ya yi masa alkawari. Ba ta yi dariya ba. Ta ce shekara biyu tana bin takardun nan, tana tashi daga aikin kwana ta zauna cike fom. Ta ce ba gori take yi ba. Sannan ta ce:

"Baba, in ka sauka gidan wanda ya bar uwata a titi, ka zauna can. Ba zan hana ka ba. Amma ni ba zan taka gidan ba, ko ciwo ka yi."

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne wai ai ciwon ma tsoron Amurka yake ji. Ta kashe.

Wani lokaci ina jin bakina yana magana kamar rediyon maƙwabci, ba ni da wurin kashewa.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ban je coci ba. Gwiwa.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ruwan ƙarshe ya sauko jiya, yau ba aiki. Bari in rubuta abin da kowa ya sani.

A Mubi muke a lokacin. Ina da shago da tsohuwar a-kori-kura ta ɗaukar katako. Matata Keziya tana koyarwa a firamare, duk gari Malama ake ce mata, har ni. Ita ta sa na iya rubutun da ya fi na rasit. Harrison yana karatu a can Mubi, Lilian tana makarantar jinya a Yola.

Ranar Laraba ce kamar yau, 'yan tayar da ƙayar baya suka shigo garin. Da aka fara jin harbi, Malama ta ce ba za ta bar yaran ajinta ba sai ta ga an sallame su, mu jira ta a mahaɗar bayan kasuwa. Muka je muka jira. Harrison ne a sitiyari don gilashina ya faɗi a wurin gudu. Maƙwabta suka cika bayan mota, har kan bodi. Harbi yana matsowa. Mota ta tashi.

Haka nake faɗa kullum, mota ta tashi, kamar mota tana tashi da kanta.

Bayan an ƙwato garin na koma sau huɗu. Makarantar tana nan. Ba wanda ya ce ya gan ta, da rai ko ba rai. Ba mu da kabarin da za mu share.

Ban kira Manasseh ba.

Asabar, 21 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na ci gaba da zagaye, yau har unguwar Yolde Pate a Yola, wurin Gogo Hamsatu. Maƙwabciyarmu ce a Mubi, da ita da jikokinta uku muka fito. Tun lokacin ba ta koma ba, tana zaune wurin ɗan 'yar'uwarta, tana sayar da ɗanyen kifin tafkin Njuwa a ƙofar gida. Ta tsufa sosai, ido ya tafi, amma da na yi sallama ta yi mini maraba da Fulatanci, ta ce jabbama, Baban Harrison.

Aka shimfiɗa tabarma. Muka yi ta lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi aure. Na ba ta labarin bangon kwali, ta yi dariya har da tari. Sai na cire hula na karanta layina.

Ba ta karanta nata ba. Ta ci gaba da korar ƙuda daga kan tire. Can ta ce ita ban yi mata komai ba, ni na fitar da ita da jikokinta, har ta mutu tana yi mini addu'a. Sai ta ce:

"Amma yaron fa? Ka je wurinsa?"

Na ce wane yaro. Ta ce kada in yi mata haka.

"A tsakaninku na zauna a gaban motar, Baban Harrison. Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Kana bin gidajen waɗanda ka ɓata wa ƙofa."

Na nemi abin dariya a duk aljihuna, babu ko ɗaya. Ta sa aka ƙulle mini kifi biyu a leda. Da zan tafi ta ce ta ji an ce yarinyar ba ta magana da ɗan'uwanta, ita ta ɗauka tuni na gyara.

A keke daga Yola zuwa Jimeta ledar kifin kawai nake kallo. Mai keken ya san ni, har ya tambaya ko lafiya.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

To, bari in rubuta ɗaya rabin.

Harrison bai so tafiya ba. Ya kashe mota, ya zare makulli, ya ce zai bi ta ƙafa zuwa makarantar ya taho da ita, mu jira. Ya buɗe ƙofa har ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Mata suna kuka a baya. Ni kuma na ji tsoron da ban taɓa sanin ina da shi ba. Na miƙa hannu ta kan Gogo na shaƙo rigarsa, na mare shi a ƙeya, na ce ja motar nan, ni ne ubanka. Ya ja.

Ina iya cewa don mutanen da ke baya na yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a lokacin ba su nake tunani ba.

Kwana biyu muka yi ta hanyar daji kafin Yola. Lilian tana tsaye a ƙofar makarantarsu, tana kallon masu saukowa ɗaya bayan ɗaya har mota ta zama wayam. Ta ce ina Mama. Ni na sunkuya ina kwance wata igiya da ba ta ɗaure komai ba. Harrison ya ce mun jira, ba ta zo ba, ni na ja motar. Ta kalle shi. Na ci gaba da kwance igiya.

Na ce a raina gobe zan gyara maganar, in hankali ya kwanta. Kafinta da gobe.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura na yamma

Na kira Harrison da kaina. Ya tsorata, don ban taɓa kira ba, sai dai in yi filashin. Na cire hula ko da yake ba ya ganina. Na ce tafiya ta kama ni. Daga nan layin ya ƙare, sai na faɗi nawa: marin, da igiyar, da shekara tara.

Ya ce ya yafe tun a hanya, tun kafin mu iso Gombi. Ya ce da ya sauka ranar, wataƙila su biyu za a rasa, shi da uwarsa, ko mu duka. Na ce zan faɗa wa Lilian. A nan muryarsa ta canja.

"Kada ka faɗa mata, Baba. Ta rasa Mama, ta rasa ni. Kai kaɗai ka rage mata. Na riga na saba."

Ya ce in zo wurinsa ko in je wurinta, duk ɗaya ne, in dai bar maganar inda take. Ka ji yaro, ya buɗe mini ƙofa biyu, ko wacce na bi ba wanda zai taɓa ni.

Na tambaye shi abin da ya sa Debbie take kai shi ofis. Ya ce ba komai, ya fi son ya duba saƙonni a hanya. Na ce Harrison. Ya ce tun da ya ajiye mu a Yola bai sake zama a bayan sitiyari ba. Ya gwada sau biyu a can, ya kasa.

Ni kuma na ce masa gwamna.

Alhamis, 26 ga Oktoba, da rana

Na mayar wa Sheriff awartakinsa. Ya ce me ya same ni, kwana uku ban zage shi ba.

Lahadi, 29 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Yau shekara tara cif. Duk shekara a wannan ranar Lilian takan kira, ko muna faɗa, mu yi addu'a tare, ta ambaci sunan uwarta, ni in ce amin. Ta kira ƙarfe uku. Ta ce mu rufe ido. Na ce ta dakata.

Na faɗa mata a tsaye, a tsakar ɗaki, ban san dalili ba. Ban sa gishiri ba, ban rage ba. Na ce ɗan'uwanta ya zare makulli. Na ce ya sa ƙafa a ƙasa. Na ce ni na mare shi. Na ce ranar da ta tambaya ina jinta sarai, na bar shi ya ɗauka. Na ce shi ya roƙe ni kada in faɗa, don ta sani ba shi ya aiko ni ba.

Ina jin yaranta suna gardama a wani ɗaki, da ƙarar ruwa a famfo. Aka kashe famfon. Ta yi mini tambaya ɗaya:

"Kullum kana cewa awa ɗaya kuka jira. Awa ɗaya ne?"

"Bai kai ba."

"Nawa?"

"Ban sani ba, Lilian. Ban duba agogo ba. Bai kai rabi ba."

Ban ce ta yafe mini ba. Wannan layin na masu ɓata ƙofa ne. Na tsaya da waya a kunne har na gane babu kowa a ciki.

Ba a yi addu'ar bana ba.

Litinin, 30 ga Oktoba

Shiru.

Talata, 31 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Manasseh ya zo har shago. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Ya ce kujeru suna ƙarewa. Na ce kujera ce sana'ata, in ta ƙare zan taho da tawa. Ya yi dariya. Ni kaina na ji abin ba gishiri.

Harrison ya ji labari, ban san ta ina ba. Ya turo saƙo wai ɗakina yana nan, kada in damu. Lilian ba ta kira shi ba.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na rufe shago da wuri na tafi bakin gada na tsaya ina kallon Binuwai. Ruwa ya fara ja baya, masu lambu har sun fara share bakin gaɓa. In na tafi ba zan ci yakuwar bana ba.

Hustin ta fi sauƙi, kowa ya sani. Yaron da ya yafe, ga zafi, ga zarto. Zan zauna a gareji ina gogar katako, Debbie tana dariyar maganata, ba wanda zai ɗaga mini ido har in mutu. Sheriff ma da na ba shi labarin duka jiya, cewa ya yi in tafi inda ake so na, tsufa ba lokacin neman rigima ba ne.

Amma Harrison ya san ubansa tun a mahaɗar bayan kasuwa. Lilian ranar Lahadi ta fara saninsa. Shekara tara tana fushi da wanda bai yi ba, daga nesa, ita kaɗai, tana zuwa aiki da shi tana dawowa da shi. Yanzu da ta san mai laifin, bai kamata ya je ya ɓuya a bayan wanda ya ɓuya a bayansa tun farko ba. Ya kamata ya kasance inda za ta gan shi da safe, ta ƙi gaishe shi in ta ga dama, ta yi masa tambayar da ta tuna da ita a tsakar aiki. In ta ce in fita, sai in fita, na san hanyar Hustin a takarda.

Maganar suruki kuma, wanda ya yi abin da na yi ba shi ne zai ji kunyar ƙofar bayi ba.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na ce wa Manasseh Minisota. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Sha huɗu ga wata, daga Abuja.

Na faɗa wa Harrison. Ya ce haka ya kamata. Daga baya ya ce zarton ba zai yi tsatsa ba.

Na ɗauki hoton tikitin na tura wa Lilian, ban rubuta komai a ƙasa ba. Alamar ta gani ta fito nan take. Ba amsa.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Ba amsa. Na share ɗaki. Na ba Sheriff benci da gudumata babba. Ya ce ajiya ce, ba kyauta ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba, ƙarfe biyu da kwata na rana

Saƙo ya shigo ina cin wake a ƙofar shago. Ba gaisuwa, ba Baba a farko.

"Nicodemus zai ɗauke ka a filin jirgi. Ni ina aiki ranar. An fara ƙanƙara. Lambar takalminka nawa?"

Na rubuta mata wata doguwar magana a kan ƙafar kafinta da yadda ba a ƙera irinta a Amurka. Na karanta sau biyu, ta yi daɗi sosai. Na goge.

Na rubuta arba'in da uku.